Kalmomin Turanci da aka yanko daga tatsuniya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa.

A cikin batirin wayar da kuke kallon wannan bidiyo da ita akwai wani ƙarfe da Turawa ke kira cobalt. Asalin sunan nan na wani ɗan aljani ne a tatsuniyoyin Jamusawa. Irinsa suna da yawa a Turanci: kalmomin da yau ake ji a bakin likita da injiniya da ɗan jarida, alhali daga bakin kaka mai ba jikoki labari suka fito. Abin da muke so ku riƙe tun daga farko shi ne, kalma ba ta ɗauko tatsuniya sukutum. Wuri ɗaya take yankowa ta tafi da shi. In kun san wurin da aka yanko, kun san inda za ku sa kalmar da inda ba ta shiga.

Mu fara da ramin haƙa. A ƙarni na 16, a tsaunukan Saksoni da ke gabashin Jamus, haƙar azurfa ce ta riƙe garuruwa da dama. Mahaƙi zai fito da dutse mai ƙyalli, fari-fari, a ido sak na azurfa. A zuba shi a murhun narkarwa, a hura wuta, a yi ta jira. Azurfa ba ta fita, sai wani hayaƙi mai warin tafarnuwa da ke kwantar da ma'aikata. Mahaƙan suna da nasu bayani. A labaransu akwai Kobold, guntun aljani mai tsokana da ke zama a gidaje da ramukan haƙa, suka ce shi ne ya kwashe azurfar ya bar musu dutsen banza. Sai suka laƙaba wa dutsen sunansa.

Abin da ke faruwa a cikin murhun kuwa, dutsen haɗin cobalt ne da asinik, wani lokaci har da farar wuta. Da wuta ta kama shi sai asinik ɗin ya tashi ya zama hayaƙi mai guba. Shi kuma ƙarfen sai zafi ya kai digiri 1,495 yake narkewa, alhali azurfa a 962 take narkewa, jan ƙarfe a 1,085. Wajen 1735 wani masani ɗan Suwidin, Georg Brandt, ya ware ƙarfen, ya kuma nuna cewa shi ne ke ba gilashi launin shuɗi. Bai sauya sunan da mahaƙa suka ba shi ba. A yau fiye da kashi biyu cikin uku na cobalt ɗin da ake haƙowa a duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa.

Ɗan'uwansa nickel ma haka. Akwai wani dutse ja-ja mai kama da na jan ƙarfe, amma duk narkawar da za a yi masa jan ƙarfe ba ya fita. Mahaƙa suka kira shi Kupfernickel, wato jan ƙarfen Nickel, Nickel kuwa laƙabi ne da suke yi wa shaiɗanin aljani. A 1751 Axel Cronstedt, shi ma ɗan Suwidin, ya fitar da wani farin ƙarfe daga dutsen, daga baya ya yanke rabin sunan ya bar nickel. Ku juya cokalin baƙin ƙarfe mara tsatsa ku duba bayansa. In kun ga an buga 18/8 ko 18/10, lamba ta biyu ita ce kason nickel da ke cikinsa.

Daga rami sai ɗakin kwana. Kowa ya san nightmare, mugun mafarki. Da yawa ko cikin Turawan suna zaton akwai doki a ciki, saboda mare a Turancin yau goɗiya ce. Babu doki. A tsohon Turanci akwai wata mare ɗin daban, wata halitta da aka yi imani tana zuwa cikin dare ta hau ƙirjin mai barci ta danne shi, ya kasa motsi, ya kasa kiran kowa. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani, dannau ke nan. Ɗaruruwan shekaru kalmar tana nufin ita halittar da dannewar da take yi, sai a ƙarni na 19 ta bazu ta koma kowane irin mafarki mai firgitarwa. Wani zane da Henry Fuseli ya yi a 1781 ya ƙara rikita mutane: mace kwance, wani guntun dodo zaune a kan ƙirjinta, ga kuma kan goɗiya ya leƙo ta labule.

Likitoci suna da nasu bayanin dannau. A lokacin barcin da ake mafarki, ƙwaƙwalwa tana saki tsokokin jiki don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci hankali ya riga jiki farkawa, sai mutum ya ji yana ganin ɗaki amma ko yatsa ba ya iya ɗagawa. Yakan ɗauki daƙiƙoƙi zuwa 'yan mintuna, kuma ya fi samun mai kwanciyar rigingine da wanda barci bai ishe shi ba.

Wannan kalma ta isa ta koya mana yadda ake tantance asali, domin kamannin sauti shi ne babban tarko a wannan fage. Da farko a nemi shekarar da kalmar ta fara bayyana a rubuce da abin da take nufi a lokacin. Sannan a duba yadda ake rubuta ta a da, tunda kalmomi biyu da suka zama ɗaya a yau galibi a rarrabe suke a tsoffin takardu. Sai kuma a leƙa harsunan da ke maƙwabtaka. Jamusawa suna da Nachtmahr, Faransawa suna da cauchemar, duka da wannan mar ɗin a ƙarshe, kuma babu wanda ya shafi doki a cikinsu.

Mu gwada wannan awo a kan genie, aljanin da ke fitowa daga fitila. Duk wanda ya san Larabci zai rantse daga jinni aka samo ta. Mu dai aljaninmu na Hausa daga Larabcin ya zo, babu tantama. Amma genie daga génie ta Faransanci take, ita kuma daga genius ta Latin, wani ruhi da Rumawa na zamanin da suka yi imani yana tare da kowane mutum tun haihuwa. Haɗuwar ta faru ne a hannun Antoine Galland, wanda ya fassara Dare Dubu da Ɗaya zuwa Faransanci, juzu'i 12 da suka fito tsakanin 1704 da 1717. Da aka zo kan jinni sai aka ga ga kalma a gida mai kama da ita a sauti, ma'anar ma ba ta yi nisa ba, aka ɗora ta. Turancin Ingila ya kwafa daga can.

In kun ji Bature ya ce the genie is out of the bottle, yana nufin abu ya riga ya fita, ba a iya mayar da shi. Ana faɗinsa kan makamin nukiliya, kan sirrin da ya bazu, kan sabuwar fasaha. Daga hikayar masunci yake, wanda tarunsa ya jawo tulun tagulla da aka toshe da dalma, ya buɗe, ifiritu ya fito zai kashe shi. A cikin hikayar masuncin ya yi dabara, ya ce shi bai yarda wannan ƙaton jiki ya taɓa shiga ɗan tulun nan ba, ifiritun ya koma don ya nuna masa, ya toshe. Turanci ya ɗauki fitowar ya bar komawar.

Ta wannan ƙofa open sesame ta shigo. Sesame riɗi ne, kuma kalmar da Ali Baba ya ji 'yan fashi arba'in suna faɗa ke nan dutse ya buɗe. Wansa Ƙasimu ya shiga kogon, dukiya ta ruɗe shi, ya manta kalmar, ya yi ta kiran sha'ir da sauran hatsi, ƙofa ta ƙi buɗewa har 'yan fashin suka riske shi. Yanzu ana kiran duk abin da ke buɗe wa mutum hanya nan take open sesame, ko takardar shaida ce ko sunan wani babba. Shagon da ke cike da kaya iri-iri kuma a ce masa Aladdin's cave. Abin da ya kamata a sani, labarin Ali Baba da na Aladdin ba su cikin rubutun Larabcin da Galland ya fassara. Wani matashi ɗan Halab, Hanna Diyab, shi ya ba shi su a birnin Faris a 1709, kuma an daɗe ba a ambaton sunansa. A ganinmu duk inda aka kawo waɗannan kalmomi biyu ya cancanci a ambace shi.

Ita ghoul ba ta da rikici, daga gul ta Larabci take kai tsaye, dodon sahara da maƙabarta mai cin gawa. Ta shiga Turanci a 1786 ta wani littafin William Beckford. Siffarta ghoulish ana yawan amfani da ita yau, ga mutumin da ke jin daɗin kallon mutuwa da bala'i, irin masu zaro waya su ɗauki hoto a wurin haɗarin mota maimakon su kai ɗauki.

Yanzu ga wadda aka san ranar haihuwarta. Ran 28 ga Janairu 1754, wani marubucin Ingila, Horace Walpole, ya rubuta wa abokinsa Horace Mann wasiƙa, a ciki ya ƙirƙiro serendipity. Ya ce ya samo ta daga labarin 'ya'yan sarkin Serendip su uku. Serendip ita ce Sarandib ta littattafan Larabci da Farisanci, tsibirin da yau ake kira Siri Lanka. Labarin na Farisa ne, an buga shi da Italiyanci a birnin Venis a 1557.

Ga yadda yake. 'Ya'yan sarki suna tafe suka gamu da mai neman raƙuminsa. Suka tambaye shi: mai ido ɗaya ne? Gurgu ne? Yana da giɓi? Yana ɗauke da zuma a gefe guda, man shanu a ɗaya gefen? Ya ce ƙwarai. Suka ce ba su gan shi ba. Ya kai su ƙara gaban sarki a kan sata. A can suka warware: ciyawa ta gefe ɗaya kawai aka ci, kuma ba ita ce mai kyau ba, ke nan dabbar ba ta ganin ɗaya gefen. Sawun ƙafa uku ne sosai, ta huɗu jan ta ake yi. Ga guntayen ciyawar da aka tauna sun zubo a hanya daidai faɗin haƙori. Ƙudaje sun taru a gefen hanya inda zuma ta ɗiga, tururuwa a ɗaya gefen inda mai ya ɗiga. Masu karatun adabin Larabci za su tuna irin wannan labari game da 'ya'yan Nizar ɗan Ma'addu. Walpole da yake daga ka ya rubuto, alfadari ya ce a wasiƙarsa maimakon raƙumi.

Ma'anar da ya ba kalmar tana da ƙafa biyu: mutum ya ci karo da abin da ba shi yake nema ba, kuma ya kasance da basirar gane abin da ya gani. A nan mutane ke kuskure. Wanda ya tsinci kuɗi a hanya sa'a ya yi, luck ke nan. Amma a 1928 da Alexander Fleming ya dawo ɗakin bincikensa a Landan ya tarar fumfuna ta ɓata masa faranti guda, bai jefar ba, ya lura ƙwayoyin cuta sun mutu a kewayen fumfunar, daga nan aka samu fenisilin. Wannan ce serendipity. In babu lura, kalmar ba ta zauna ba.

Cinderella kuwa ta haifi ma'ana biyu masu karo da juna. Charles Perrault ya buga labarin da Faransanci a 1697, sunan yarinyar daga toka aka samo shi, domin a bakin murhu kishiyar uwa ta ajiye ta. Mu da muka tashi da tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa mun san irinta. In ɗan jaridar wasanni ya ce Cinderella story, ƙarshen labarin ya ɗauka, wanda aka raina ya yi nasara, kamar Leicester City da ta sha da ƙyar daga faɗawa ƙaramin rukuni a 2015 sannan ta ɗauki kofin Firimiya a 2016. In kuma jaridar Birtaniya ta kira wani sashen asibiti Cinderella service, farkon labarin ta ɗauka: sashen da aka yi watsi da shi, ba kuɗi, ba ma'aikata. An sha faɗin haka kan kula da masu taɓin hankali. Mai fassara da ya ɗauke ta yabo ya juya labarin baibai.

Goldilocks ta fi kowa nisan tafiya, har sararin samaniya. A bugun Robert Southey na 1837 wata tsohuwa ce ta kutsa gidan wasu namun daji uku da ake kira beyar. Daga baya aka mayar da ita yarinya, sunan Goldilocks, mai gashin zinariya, sai a farkon ƙarni na 20 ya zauna. Ta tarar da kwano uku na kunu: wannan ya yi zafi, wancan ya yi sanyi, na uku daidai. Wannan daidai ɗin kaɗai Turanci ya ɗauka, kutsen da ɓarnar da ta yi duk an bar su. Masana taurari suna kiran tazarar da wata duniya za ta kasance daga tauraronta har ruwa ya zauna a samanta bai daskare ba bai ƙafe ba Goldilocks zone. Zara matar wata zafinta ya haura digiri 450, duniyar Mas kuma matsakaicin sanyinta wajen digiri 60 ne ƙasa da sifiri, tamu tana tsakani. Sai dai ku yi hattara da kanun labaran da ke cewa an gano duniya a wannan yanki, ke nan za a iya zama a cikinta. Tazara kawai kalmar ke aunawa. Wata yana nan kusa da mu a cikin yankin, amma ba shi da iskar da za ta riƙe ruwa. Masana tattalin arziki ma sun ara, ga tattalin arzikin da ke haɓaka ba tare da farashi ya haukace ba.

Wasu kuma da saurinsu za mu wuce. Daga Hans Christian Andersen na Danmak aka samu emperor's new clothes a 1837, ga ƙaryar da kowa ke gani amma tsoro ya hana a faɗa, da ugly duckling a 1843, ga yaron da aka raina ya girma ya fi kowa. Oaf, gaɓo mara kan gado, daga kalmar elf ta mutanen arewacin Turai take, saboda imanin cewa aljanu kan sace jariri su bar nasu a madadinsa. Glamour a bakin 'yan Sikotlan sihiri ne da ke rufe ido a ga abu ya fi yadda yake kyau. Layin nan kuma da ke saman shafin intanet yana nuna muku matakan da kuka bi kuka iso inda kuke, sunansa breadcrumbs, ɓarɓashin burodi, daga labarin Hansel da Gretel da 'yan'uwan nan Grimm suka buga a 1812. A labarin tsakuwa ce ta mayar da yaran gida a karon farko, ɓarɓashin da suka zuba a karo na biyu tsuntsaye suka cinye.

Troll ta intanet sai an tsaya a kanta. A tatsuniyoyin Norwe da Suwidin troll dodo ne na tsauni da ƙarƙashin gada, kuma kowa na zaton daga nan aka samo sunan mai tsokanar faɗa a Facebook. Masu bin diddigin kalmomi sun fi karkata ga kamun kifi. Trolling a wurin masunta shi ne a sa abinci a ƙugiya a ja ta a bayan jirgin ruwa yana tafiya a hankali har kifi ya kama. A farkon shekarun 1990 tsoffin masu amfani da zaurukan intanet sukan jefa magana da gangan don su ga sabon shiga da zai hau. Daga baya hoton dodon ya rufe na masuncin, har aka samu don't feed the trolls. Sanin asalin yana da amfani a aikace: abin da mai ƙugiya ke jira shi ne a kama, saboda haka martani, ko na zagi ne, shi ne ribarsa.

Ta ƙarshe daga nahiyarmu ta tashi, kuma ita ce ta fi buƙatar taka tsantsan. A 1880 Joel Chandler Harris ya buga labaran da ya ji daga bakin baƙaƙen fata a gonakin jihar Jojiya ta Amurka. A ɗaya daga ciki dila ya ƙera 'yar tsana da kwalta ya ajiye a bakin hanya. Zomo ya gaishe ta ba ta amsa ba, ya kai mata mari hannu ya maƙale, ya ƙara da ɗayan, ya kai shuri, ya kai karo, har ya manne gaba ɗaya. Wanda ya san yadda Gizo ya ƙare da budurwar danƙo a gona ya san labarin, mutanenmu na Gana kuma sun ji irinsa game da Ananse a bakin Asantawa. Bayin da aka kwasa daga Afirka ne suka tsallaka teku da shi. Daga nan tar baby ta zama sunan matsalar da duk ƙoƙarin fita daga cikinta ƙara dulmiya mutum yake yi.

Sai dai a Amurka an yi amfani da wannan kalma wajen zagin baƙar fata, kuma wannan tabon ya rinjayi ma'anar farko. A 2006 Mitt Romney, yana gwamnan jihar Masacusets, ya faɗe ta kan wani aikin hanya da ya rikice, sai da ya fito ya nemi afuwa. Za ku iya cin karo da ita a tsoffin littattafai da jaridu, ku gane abin da ake nufi. Amma a rubutunku, ko a jarrabawa, ko a taro da baƙi, ku bar ta. In matsala mai dulmiyarwa kuke son faɗa, quagmire ta wadatar, in kuma ƙaramar cakwakiya ce ku ce sticky situation.